Sunan Alhaji a Layin Farko

Ranar Alhamis ɗin da zan ba da labarinta, sunana ba ya cikin lis ɗin masu jarrabawar birebe, ta kammala kolaj. Takardar haihuwata ce ta makara. Sau uku Baba yana zuwa Gidan Rumji a kanta, ba ta fito ba sai Talata da yamma, bayan sunayen ƴan ajinmu sun riga sun tafi. Mushe Ayuba, wato Malam Ayuba, diraktan kolaj ɗinmu, ya ce saura dama ɗaya: buro, wato ofishin jarrabawa na Maradi, zai karɓi gyara har ƙarfe ɗaya na ranar Alhamis. Amma bana ta ordinatar, wato kwamfuta, kawai suke karɓa, takardar hannu ko kallonta ba za su yi ba. Wanda bai shiga ba kafin lokacin, sai baɗi.

Ni kuwa ba na son ko jin kalmar baɗi. Littafin tarihi sau biyu na karance shi, na lissafi har bangonsa ya cire na ɗinke da zare.

A Garin Ɗantala, ƙauyenmu da ke gefen Cadakori, wuri ɗaya ne ke da ordinatar mai rezon intanet, wato Cibiyar Manoma. Ɗaki biyu ne da zaure, da panno mai kama hasken rana a kan rufi, da wani babban faranti mai kallon sama. Mai kula da na'urorin ita ce Yaya Zainaba, ɗiyar yayar Innata, wadda ta yi karatun abin shekara biyu a Maradi. Tun Litinin ta tafi suna Sae Sabuwa. Ranar Laraba Mushe Ayuba ya gwada aika sunana sau shida, sau shida Maradi na maido shi.

Shekarar ce sojoji suka yi alkawarin mayar da mulki, saura kwanaki a yi zaɓe. Zazzaɓin zaɓen ya kama kowa, har cibiyar ma ta yi nata, aka zaɓi Alhaji Jatau ya zama parsidan. Kullum zauren cike yake da maza, sun kewaye ordinatar biyu suna neman labarin ƴan takara, kowa da nasa.

Ƙarfe goma na isa. Na tarar da Baba Dalhatu, sakataren cibiyar, duƙe a bakin ƙofa yana gyara takalman mutane. Haka yake yi kullum. Na manya gaba, na matasa baya, kuma akwai wani gurbi a can gaba da ba ya bari kowa ya ajiye komai, na takalmin Alhaji ne ko da Alhaji bai zo ba. Kujeru ma haka yake jera su, kofunan shayi ma haka. Na durƙusa na gaishe shi.

"Rufaida ce? Sa naki can baya, ɗiyata. A'a, ba nan ba, can bayan na mai gadi."

Na kai su can.

Sai goma da rabi kabu-kabu ya sauke Yaya Zainaba, da ƙullin goron suna a hannu da sabon lalle a ƙafa. Mushe Ayuba bai bari ta ajiye jaka ba.

"Madam Zainaba, kin tahi kin bar mu da marar lahiya. Tun jiya abin nan shina ƙin saƙona."

"Mi ya ce maka?"

"Cewa ya yi bai san ni ba! Ni da nike aika mai takardu tun bara."

Ta dube ni tana dariya. "Ke kuma, Malama Littafi, mi ya sa idonki ya yi ja? Ba a mutu ba. Riƙe min wannan."

Mutanen zaure suka ce ai iskar shekaranjiya ce ta karkata farantin, kowa ya ga yadda ta kwashe rumfar mai tsire. Yaya ta ɗaura zane a kan wando ta hau tsani. Ta daɗe a sama. Ina ƙasa riƙe da goro, ina kallon agogon hannun Mushe Ayuba ta gefen ido. Da ta sauko sha ɗaya da kwata ta yi.

"Faranti lahiyarshi lau," ta ce. "Ko motsi bai yi ba."

Ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta cire ta hura ta mayar. Ta duba batura. Ta kashe ordinatar da aka ware wa lakol, wato makarantarmu, ta kunna. Mushe ya sake aikawa, Maradi ta sake cewa ba ta san mu ba.

Daga nan muka shiga ƙaramin ɗakin, inda ban taɓa shiga ba. A kan wani katako da aka kafa a bango akwai ɗan akwati fari, bai fi kwanon sha girma ba, wayoyi biyar sun shiga bayansa, ƴan fitilu kore suna ta ƙiftawa. Duk da halin da nake ciki, sai na ji ina son sanin me suke ƙiftawa a kai. Haka nake, ko a gidan rasuwa in na ga rubutu a bango sai na karanta.

"Yaya, mine ne wannan?"

"Rutar. Shi ne mai raba hanya." Ta zauna gaban ordinatar tana buga lambar sirri. "Hanya biyu gare mu ta hita garin nan. Guda ta sama, ta farantin can. Guda ta rezon waya, ta dogon ƙarfen nan na Cadakori. Duk saƙon da ya taso daga kowace ordinatar, wurin ɗan akwatin nan yake zuwa, shi ka cewa bi nan ko bi can."

"To ya yake gane na wa ne?"

"Kowace ordinatar da lambarta, kamar yadda Babanku ka sa ma buhunan gero alama kahin a ɗora su amalanke. Shi lambar yake dubawa."

"To mi ya sa ba za su bi hanya guda duka ba?"

"Ke kam da tambaya!" Amma ta amsa, idonta na kan gilashin ordinatar. Ta ce hanyar sama siririya ce, in mutanen zaure suka hau ta da hotunan ƴan takara, ba abin da zai wuce. Shi ya sa ta kafa mata rariya, wato dokar tacewa: bidiyo da waƙa ba sa shiga, sai saƙon da ta yi wa alama. Sannan na'urar Maradi adireshin hanyar sama kaɗai ta sani. Saƙon da ya zo mata ta hanyar waya baƙo ne a wurinta, ba ta buɗe masa ƙofa.

"Ke nan sunana ta hanyar waya yake bi," na ce.

"Abin da nike gani ke nan. Amma dokokin duk suna nan, ba wadda ta ɓata." Ta buɗe wata doka, ta karanta cikinta, ta rufe. Ta buɗe wata. "Lambar lakol daidai. Alama daidai. Rariya daidai. To mi ke nan?"

Ta miƙo min wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, inda ta rubuta dokokin da bik, wato biro, ranar da ta kafa su. Ta ce in karanto mata lambobin, ita tana gwadawa da na gilashi. Na karanto. Duk suka dace, ko ɗigo bai canza ba. Mushe Ayuba ya leƙo ya ce sha biyu saura biyar, ya koma.

Yaya ta tashi ta ce bari ta sake duba wayar da ta sauko daga rufi, ƙila ɓera ya taɓa ta. Ta bar ni ni kaɗai da gilashin.

Layi biyar ne, kowanne da sunan da ta raɗa masa. A ƙarshen kowane layi akwai wata lamba. Ta layin farko tana ta gudu, dubu goma sha, tana ƙaruwa ina kallo. Na sauran huɗun duk sifiri ne. Na duba kayen, na duba gilashin, na sake duba kayen. A kaye, layin farko shi ne Lakol. Na biyu Ɗakin Magani, na uku Farashin Kasuwa, na huɗu Sakatare, na biyar Parsidan da Sauran Jama'a. A gilashi kuwa Parsidan da Sauran Jama'a ne a sama, Sakatare na bi masa, Lakol ta koma can ƙasa.

Ban san ko wannan wani abu ne ba. In aka ba ni jerin sunayen ajinmu daga ƙasa zuwa sama, ai mutanen dai su ne. Na ji tsoron in yi magana ta zama shirme. Na zauna ina murza gefen hijabina har ta dawo tana karkaɗe hannu.

"Waya lahiya lau. Wallahi abin nan ya hi ƙarhina yau."

"Yaya... lambar nan ta gefe, mi take ƙirgawa?"

"Saƙon da ya bi ta dokar."

"To shi ɗan akwatin, ta ina yake fara karatu?"

"Daga sama. Layin da ya fara dacewa da saƙo, shi ke nan, ya ɗauka ya tahi, ba ya karanta na ƙasa."

Na ce, "To in na saman ya ce kowa da kowa, yaushe za ya kai ga namu?"

"Na saman ai ba kowa ba ne, na saman La..."

Ta tsaya. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta fizge kayen daga hannuna. Ta daɗe tana duban ciki da waje na kowace doka, ba ta taɓa duban wa ke gaban wa ba, don ita ta jera su kuma ba ta zaci jeri na tashi da kansa ba.

"Wa ya taɓa min wannan?" Ta faɗa da ƙarfi har zaure ya yi tsit. "Baba Dalhatu!"

Ya shigo a natse, da tabarau a goshi da makullai a hannu.

"Lahiya, ɗiyar nan, kike kirana kamar mai kiran awaki?"

"Baba, ka yi haƙuri. Lambar sirrin da na bar maka, na ce in abu ya tsaya ka kashe ka kunna. Ka taɓa wani abu bayan wannan?"

"Na gyara miki kuskure guda, ban ma so in hwaɗa miki ba don kar ki ji kunya." Ya nuna gilashin da makulli. "Na buɗe na ga sunan Alhaji a ƙasa. Ƙasan ƙasa! Ƴan lakol bisa kanshi, ungozoma bisa kanshi, har farashin wake bisa kanshi. Mutumin da gari ya taru ya zaɓa! Na ce yarinta ce, ba da nuhi ta yi ba. Na kama shi da ɗan abin nan na ja shi sama, sai ga shi ya tahi sumul. Na ɗan gyara sauran ma."

"Ka sa kanka na biyu," Mushe Ayuba ya ce daga bakin ƙofa.

"To sakatare na nawa ne, Mushe? Kai da ka yi karatu."

Wani a zaure ya fashe da dariya. Ni ban yi ba. Agogon Mushe ya nuna sha biyu da minti ashirin.

Yaya ta sassauta murya. "Baba, wannan ba jerin girma ba ne. Na'ura ba ta san Alhaji ba. Layin nan cewa ya yi duk wanda ya rage ya bi hanyar waya. In shina sama, ba wanda ya rage, kowa ya tahi can. Sunan ɗiyar nan tun jiya can yake bi. Bari in maida shi wurinshi."

Ta kai hannu. Baba Dalhatu ya ɗora tafinsa a kan teburin, tsakaninta da abin ja.

"Ba yau ba. Yau bayan azahar Alhaji shina zuwa da baƙi daga Gidan Rumji, za ya nuna musu cibiya. Ni zan buɗe musu wannan su gani. Su ga parsidan ƙarƙashin farashin wake? A bakin zaɓe? Gobe ki ji ana hwaɗi kasuwa cewa cibiya ta raina shi."

"Minti biyar kawai, Baba. In an aika sai..."

"Sai ki manta, ko ki ce ba ya komawa. Na san ku. Sunan Alhaji ba ya sauka ina riƙe da makullin ɗakin nan."

Na san halin Yaya. Jijiyar wuyanta ta tashi, kuma in ta buɗe baki a haka, abin da zai fito ba zai sa a aika sunan kowa ba. Mushe Ayuba ya fara wani dogon bayani da Faransanci a ciki, Baba Dalhatu ya juya masa ƙeya. Mutanen zaure sun taru a ƙofa, wasu na cewa sakatare ya yi gaskiya, wasu na cewa a tausaya wa yarinya. Wani ma ya ce a kaɗa ƙuri'a.

Ni ban taɓa yin magana gaban manya uku a haɗe ba. A aji ma in Mushe ya kira ni, amsar tana kaina amma muryata ba ta kai benci na biyu. Sai dai akwai abin da ke cina tun ɗazu, kuma ba tsoro kaɗai ba ne, tambaya ce.

"Yaya," na ce. Ba ta ji ba. Na ja gefen zanenta. "Yaya, dole ne Alhaji ya zauna layi guda da sauran jama'a?"

"Mi?"

"Na ga... na ga in an yi walima, Alhaji aka fara zuba ma, amma a kwanonshi. Ba tukunyar duka aka kai mai ba." Na ci gaba da sauri. "In aka yi mai layinshi shi kaɗai, da lambar ordinatar teburinshi kawai, ya zauna sama. Saƙon lakol in ya zo, ɗan akwatin za ya duba ya ga ba na Alhaji ba ne, ya wuce ƙasa. Ko ba haka yake karatun ba?"

Yaya ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Sannan ta juya wurin Baba Dalhatu, fuskarta ta canza gaba ɗaya.

"Baba, ashe ma kuskuren nawa ya hi wanda ka gani. Na haɗa parsidan guda da ƴan kallon hoto cikin layi ɗaya. Ya dace?"

Ya sauko da tabarau daga goshi zuwa hanci, ya karanta layin a hankali. "Parsidan da Sauran Jama'a." Ya girgiza kai. "Bai dace ba kam. Ni ma abin ya tsaya min."

"To ɗaga hannunka in raba su. Sunanshi ba za ya motsa daga sama ba, kana tsaye kana kallo."

Ya ɗaga hannun, amma bai matsa ba.

Na tsaya a bayanta ina kallon yatsunta. Ta buɗe layin farko. Inda aka rubuta alamar kowa da kowa, ta goge ta sa lambar ordinatar teburin Alhaji, ta goge rabin sunan ya zama Parsidan kawai. Ta buɗe sabon layi, ta sa masa kowa da kowa, ta nuna masa hanyar waya, ta raɗa masa Sauran Jama'a, ta ajiye shi a can ƙasan duka. Ta leƙa rariya ta tabbatar alamar lakol na cikin masu wucewa. Duka bai fi minti huɗu ba.

"Mushe, aika."

Mushe Ayuba ya ruga ɗaya ɗakin. Ni na kasa bin sa. Idona na kan sifirin da ke gefen Lakol. Lambar Sauran Jama'a ta fara gudu nan take, don mutanen zaure sun koma kan ƴan takararsu. Ta Parsidan ta tsaya cak, don ba kowa a teburinsa. Ta Lakol sifiri. Sifiri dai. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Sai lambar Lakol ta zama bakwai. Sai arba'in da biyu. Sai ɗari da wani abu.

"Ta karɓa!" Muryar Mushe ta taso daga can. "Ta san ni! Rufaida Shu'aibu, lamba sittin da takwas. Ɗaya saura minti goma sha tara!"

Na zauna a kan kwalin batura. Yaya ta ɓare goro ɗaya daga ƙullin sunan ta tura min rabi a baki, ni da ba na cin goro. Ɗaci ya cika min baki, na tauna haka nan.

Baba Dalhatu bai kula da mu ba. Yana duƙe gaban gilashin yana bin layukan da makulli.

"Yanzu ya yi kyau. Parsidan, Sakatare. To amma ɗiyata, mi ya sa lambar Alhaji ba ta motsi? Baƙi za su ce ba ya aiki."

"In ya zauna teburinshi ya taɓa ordinatar, za ta motsa."

"Alhaji ba ya taɓa ta. Tsoronta yake."

"To kai ka taɓa mai, Baba, kahin su shigo."

Ya yi tunani, ya ga dabara ce, ya fita yana kaɗa makullai. Muna jinsa a ƙofa yana faɗa da wani da ya ajiye takalmi a gurbin Alhaji.

Yaya ta canza lambar sirri, ba ta faɗa wa Baba Dalhatu ba. Sannan ta buɗe kayen a sabon shafi, ta miƙo min da bik.

"Rubutunki ya hi nawa kyau. Kwafe su yadda suke yanzu, ki sa ma kowane lamba a gaba, ɗaya zuwa shida."

Na kwafe. Da na kai layi na uku na tsaya.

"Yaya, to in saƙo ya zo bai dace da ko layi guda ba, ina yake zuwa?"

"Ke ba ki jin yunwa ne?"

"Ina ji. Amma ina yake zuwa?"

Ta ja tsaki, ta jawo wata kujera da ƙafa ta ce in matso kusa.